Na'urar ji ta bayan kunne: ƙarar sauti daban, gane magana daban

Kukan da aka fi ji daga masu raunin ji shi ne, "Ina jin ana magana, amma ba na gane abin da ake faɗa." Da wannan ya kamata a auna kowace na'urar ji. A wannan ma'auni, ta bayan kunne wadda ake saitawa da kwamfuta ta ci kuɗinta, muddin an saita ta daidai kunnen mai ita.

Raunin ji na tsufa da na ƙarar injin niƙa yakan fara cin siraran sautuka, daga hertz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti) 2,000 zuwa sama, inda s, sh, ts da f suke. Wasula kuwa suna ƙasa, kuma da ƙarfinsu. Shi ya sa za a ce wa Baba "sha" ya ji "sa", a ce "tsawo" ya ji "sawo". Na'ura mai arha ta kasuwa komai take ɗagawa bai ɗaya, har da kukan babur, sai kai ya yi ciwo maganar ba ta fito ba. Wadda ake saitawa da kwamfuta kuwa sautukan da suka ɓace kawai take ƙara wa ƙarfi.

Kada a saya kafin gwaji. A Bauchi, sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ne wurin fara tambaya. Za a leƙa kunne ko akwai dauɗa ko ruwa, sannan a gwada kowane kunne daga hertz 250 zuwa 8,000. Gwajin da bai kamata a tsallake ba shi ne na kalmomi: a karanto, mutum ya maimaita, cikin shiru sannan cikin surutu, da na'ura da kuma babu ita. A nemi a yi shi da Hausa, domin jerin kalmomin Turanci ba zai nuna gaskiyar jin dattijuwar da ba ta jin Turanci ba.   

Na'urar tana da gazawarta. A Kasuwar Wunti ko taron biki magana na cakuɗewa, kuma idan mai magana ya wuce kamar mita 2 amfaninta yana raguwa. A fuskanci mutum, a daina yi masa magana daga bayan labule.

Idan tana fito, yawanci abin toshe kunnen ne bai zauna ba, ko bututun da ke haɗa shi da na'urar ya bushe ya tsage. A canza bututu duk wata 3 zuwa 6. Ƙurar hunturu na toshe makirufo, gumin bazara na sa tsatsa, don haka a goge ta kullum da dare, a buɗe murfin batir, a kwantar da ita cikin gwangwani mai maganin danshi. Batirin lamba 13, mai tambarin ruwan lemo, yakan kai mako ɗaya zuwa biyu. Da iska yake aiki: a ɓare takardarsa, a jira minti ɗaya kafin a saka.

Makonnin farko mutum zai ji muryarsa kamar daga cikin randa. A ci gaba da sawa kullum, a koma a sake saiti bayan wata guda.