Kurfotin Gyapa: yana rage cin gawayi, amma sai mai girki ta iya ƙofarsa

A unguwannin Nima da Maamobi da Sabon Zongo na Akra, ko gidan da ke da tukunyar gas ba ya rasa kurfoti a bakin ɗaki, domin wake da ganda da tuwon gidan yawa ba a cika ɗora su a kan gas ba. Tsohon kurfotin da muka saba da shi farantin ƙarfe ne mai faɗi a kan ƙafa, iska na shiga ta ko'ina, zafi na fita ta ko'ina. Wanda ya zauna kusa da shi ya san ƙafarsa na shan wuta kusan yadda tukunyar ke sha. Wannan ɓarnar ce Gyapa ya zo ya toshe.

Sunan daga harshen Tuwi ne, ma'anarsa wuta mai kyau. Ƙungiyar EnterpriseWorks ce ta shigo da shi Ghana a 2002, ta ɗauko fasalinsa daga murhun yumɓu na Kenya da ake kira jiko, ta koya wa maƙera da magina na nan yadda za su yi shi. Kurfotin Toyola, wani kamfani na nan Ghana, ma irin wannan ginin ne, kuma kamfanin ya ci lambar yabo ta Ashden ta harkar makamashi a 2011. Duk abin da za a faɗa a nan ya shafi su biyun, da ma waɗanda ake kwaikwaya ba suna.

Jikinsa kwano ne na ƙarfe mai ƙugu, faɗi sama, faɗi ƙasa, tsakiya a tsuke. A rabin sama an dasa kaskon yumɓu gasasshe mai hujoji a gindinsa, an liƙe shi da kwaɓin siminti. A nan ake zuba gawayi. Rabin ƙasa ɗakin toka ne mai 'yar ƙofa. A baki akwai ƙarafa uku da tukunya ke zama a kansu. Yumɓun yana riƙe zafi ya tura shi sama, ƙofar kuma ita ce ke ƙayyade iskar da garwashi ke samu. Duk sirrin ke nan.

Wajen saye, kaskon za a duba, fenti ba ya girki. A ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa ko cokali: wanda ya gasu sosai yana amsawa da ƙara mai tsaf, wanda bai gasu ba ko ya tsage a ciki sai ya yi wani buf kamar an bugi bango. A leƙa hujojin, su kasance a buɗe, girmansu ɗaya, ba wanda siminti ya toshe. A girgiza kurfotin. Idan kaskon na motsi, a ajiye. A buɗe ƙofar a rufe sau biyu uku, domin ƙofar da ba ta rufuwa ruf ta mayar da shi tsohon kurfoti mai nauyi kawai. Na kwaikwayo sun cika kasuwa, kuma inda suke ha'inci shi ne kaurin kwano: a matsa gefen da babban yatsa, wanda ya lotsa damina ɗaya za ta cinye shi, balle a Akra da iskar teku ke sa ƙarfe tsatsa da wuri.

Kuskuren farko da kusan kowa ke yi shi ne tula gawayi har ya yi tozo, yadda aka saba da tsohon. A nan gawayi ba ya wuce bakin kaskon. A fasa manya su koma kamar girman ƙwan kaza ko ƙasa da haka, a bar tazarar yatsa ɗaya zuwa biyu tsakanin garwashi da gindin tukunya. Idan tukunya ta zauna a kan gawayin, iska ba ta wucewa, wuta ta shaƙe, nauyin kuma ya sauka a kan yumɓun maimakon ƙarafan. A kunna da tsinke ko takarda ko ɗan garwashin maƙwabciya, ƙofa a buɗe tana fuskantar inda iska ke tahowa. Ledar ruwa da ake ɗigawa a kan gawayi don ya kama, a daina: hayaƙin roba guba ne ga mai fifitawa da yaron da ke goye, narkakkiyar ledar kuma tana bin hujojin ta toshe su.

Ragin gawayin yana zuwa ne bayan tukunya ta tafasa. Daga nan a tura ƙofar ta kusa rufewa, a bar kafa kamar kaurin yatsa, a sa murfi. Ruwan da ke tafasa a hankali da wanda ke tsalle har yana zuba zafinsu ɗaya ne, wake ba ya nuna da wuri don an ƙara masa wuta. Wadda ta bar ƙofar a wangale daga fari har ƙarshe, kuma ba murfi, za ta ce an cuce ta, alhali hannunta ne. Ga mai dafa wake da shinkafa, jiƙa waken tun dare ya fi kowace dabara rage lokaci, sannan a sa karan dafi da 'yar kanwa yadda aka saba. Zubi ɗaya na gawayi a matsakaicin Gyapa yakan kai miya ta dahu, a kuma ɗora ruwan wanka a kan zafin da yumɓun ya riƙe.

Masu tallarsa suna da alkaluman da suke faɗa, amma gwajin da ya fi amfani na gida ne. A auna gawayi da olonka ɗaya, wato gwangwanin awo, daga buhu ɗaya. Kwana uku a yi girkin yau da kullum a tsohon kurfoti, a ƙirga olonka nawa ya tafi. Kwana uku kuma a Gyapa, mutanen gida ɗaya, abinci iri ɗaya. Bambancin a ninka shi da goma, shi ne ragin wata, kuma daga nan kowa zai san wata nawa kurfotin zai biya kuɗin kansa. Masu sayen gawayi leda-leda su ne suka fi ganin bambancin, don su ne suke saye da tsada.

Abin da ya sa olonka ɗaya ke da nauyi fiye da yadda ake gani: gawayin da manyan motoci ke saukewa a Akra daga wajajen Kintampo da Atebubu da filayen Afram da yankin Damongo yake fitowa. Yawancinsa a tudun ƙasa ake ƙona shi, a jera itace a rufe da ciyawa da turɓaya, kuma wannan hanyar kan ci itace kilo 5 zuwa 10 kafin a sami kilo ɗaya na gawayi. Masu saye sun fi son mai nauyi da ba ya saurin zama toka, shi kuwa daga itatuwa masu tauri yake, har da kaɗanya, wadda kan yi shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. Matan arewa da ke tsintar ƙwarar kaɗe, da mu da ke sayen man kaɗe, duk a kan bishiya ɗaya muke.

Inda Gyapa yake da rauni shi ma yumɓun ne. Ruwa a kan kasko mai zafi yana tsaga shi nan take, saboda haka ba a kashe wutarsa da buta. A kwashe garwashin da ya rage a zuba a gwangwani mai murfi, rashin iska zai kashe shi, gobe a sake amfani da shi. Kada a bar shi a tsakar gida ruwan sama ya same shi. Kada a kife shi a buga da ƙasa don fitar da toka. A jawo ta ta ƙofa kullum, a zungure hujojin da tsinke, ba da ƙusa ba. Siririn tsagi bayan 'yan watanni ba ya hana aiki. Idan gindin ya fara ɓantarewa gawayi na faɗawa ƙasa, a nemi masu yin sa su sauya kaskon, ba sai an jefar da jikin ba. Wanda aka lallaɓa yakan kai shekara uku.

Tuƙin tuwo da banku ya fi ba shi wuya. Idan aka maƙala ƙarafan nan biyu a kunnuwan tukunya aka take su da ƙafa, duk ƙarfin muciya a kan ƙarafa ukun nan yake sauka, kuma a ƙaramin Gyapa suna lanƙwashewa ko tukunyar ta riƙa rawa. Gidan da ake tuƙa wa mutum goma ya sayi babba. Mai koko da ƙosai ko mai girkin suna da biki ta nemi na 'yan kasuwa, ta tafi da tukunyarta a gwada zamanta kafin ta biya. Yana kuma da nauyi, ya fi tsohon tsada, kuma a minti goman farko ya ɗan fi jinkiri don yumɓun na shan nasa zafin tukuna.

Abu ɗaya bai sauya ba ko kaɗan. Garwashi na fitar da iskar nan mai kisa, kabon monokside, ba ta da wari ba ta da launi, kuma wuta mai ƙarancin iska ta fi fitar da ita. Lokacin ruwan Yuni ko sanyin hunturu mutane kan shigar da kurfoti ɗaki su rufe taga. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya su ne alamun farko, mai barci kuwa ba ya jin su. Gyapa na baranda ne ko kicin mai buɗaɗɗiyar taga.

Wanda ke da halin gas, gas ya fi tsabta ga huhu da daji, kuma gwamnati ta sa burin rabin 'yan ƙasa su koma kansa kafin 2030. Amma gidan da gawayi ne abin girkinsa na kullum, ko mai haɗa gas da gawayi don wake da nama mai tauri, matsakaicin Gyapa na asali ya cancanci kuɗinsa. A sayo shi tare da murfin da ya dace da tukunya da gwangwanin kashe garwashi.