Fitilar LED ko ta halojin: wacce ta dace da dandamali?

Ɗaliban wasan kwaikwayo a Gusau sun yi ta yi mini tambayar nan, to ga abin da na gani.

Halojin ta fi sauƙin kuɗi, haskenta kuma yana fito da fuskar ɗan wasa tas. Amma akwai ta da shan wuta: irin fitilar dandamalin da ake kira PAR 64, guda ɗaya kan ja wat 1000. Kunna shida a kan ƙaramin janareto, nan take za ka ji kukansa ya canza. Ga zafi. A watan Afrilu na ga kwalliyar wata 'yar wasa ta narke tun kafin fitowa ta biyu. Launi sai an sa mata leda mai launi mai jure zafi a gaba, rage haske sai da dima, wato na'urar rage ƙarfin wuta. Kada ka taɓa ƙwanta da yatsa, maiƙon hannu yana rage masa kwana.

LED ba ta cin wuta sosai, tana haɗa ja, kore da shuɗi da kanta, ana sarrafa ta da DMX, tsarin aika wa fitilu umarni ta waya, mai tashoshi 512 a layi ɗaya. Sai dai ta araha takan yi ƙyafta a kyamara, ta dusashe launin fata.

Ƙungiyar da ke yawo ƙauyuka da janareto, LED ta fi mata. Makarantar da ke da zaure da tsayayyiyar wuta, mai son koyar da haska fuska, ta riƙe halojin.