Money Heist ko Squid Game: kama da wane ba ta wane

Ɗan'uwa, ka ce kana da hutun 'yan kwanaki, ba ka taɓa kallon Money Heist ko Squid Game ba, kuma an gaya maka duk tafiyarsu ɗaya: mutane cikin jajayen kaya, fuska a rufe, ana kashe-kashe a kan kuɗi. Kana so ka san wanne za ka fara da shi, da kuma ko za a iya kallonsu tare da iyali. Ban daɗe da sake kallon su biyun ba, don haka abin yana nan ɗanye a raina.

Wanda ya ce maka tafiyarsu ɗaya, fosta ya kalla. Gaskiya ne akwai kama: dukkansu ba da Turanci aka yi su ba, ɗaya daga Sifaniya, ɗaya daga Koriya ta Kudu, kuma Netflix ce ta kai su duniya. Amma ka lura da wanda ke sanye da abin rufe fuskar. A Money Heist, masu jajayen kaya da fuskar mai zane Salvador Dalí su ne jarumanka, su kake yi wa fatan tsira. A Squid Game, masu rufe fuska su ne ke riƙe da bindiga, jarumanka kuwa suna tsakar fili cikin koren kayan motsa jiki, kowa da lamba a ƙirji. Daga nan hanya ta rabu, ba ta sake haɗuwa ba.

Money Heist, wanda asalin sunansa La Casa de Papel, Álex Pina ne ya ƙirƙire shi, aka fara nuna shi a tashar Antena 3 ta Sifaniya a watan Mayun 2017. Wani mutum mai sanyin magana da ake kira Farfesa ya tara mutum takwas, ya ba kowa sunan birni: Tokyo, Berlin, Nairobi, Rio, Denver, Moscow, Helsinki da Oslo. Ya killace su wata biyar yana koya musu shiri, sannan suka shiga gidan buga kuɗi na ƙasar da ke Madrid, suka yi garkuwa da mutum 67. Ba kwasar kuɗi suka je yi ba, bugawa suka je yi, yuro biliyan 2.4. Wannan dabarar ita ce ƙashin bayan labarin, domin ta mayar da lokaci dukiya. Ɗan fashi a kowane fim sauri yake yi ya fita, waɗannan kuwa so suke su daɗe a ciki, don kowace sa'a da suka ƙara, inji yana ƙara zubo takardu. Farfesa yana waje yana jan 'yan sanda da magana, Sufeto Raquel Murillo tana ƙoƙarin gano shi, alhali suna haɗuwa a shagon shan kofi ba ta san shi ne ba.

Daɗin kallonsa daɗin wayo ne. Za a kai mutanen nan bango, ka ce tasu ta ƙare, sai a mayar da kai baya zuwa ajin Farfesa, ka ga ashe tun watanni ya hango wannan ramin ya tanadi tsani. Sau biyar na farko abin yana sa mutum tafi shi kaɗai a ɗaki. Daga baya sai ka fara gane salon, ka daina jin tsoro, tunda ka san akwai wani ajin da ba a nuna maka ba tukuna. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda marubutan ke kunna rikici da gangancin Tokyo. Farfesa ya kafa doka uku: ba zubar da jini, ba sunan gaskiya, ba soyayya. Duk lokacin da labari ya kwanta, sai a sa wani ya taka doka saboda so ko fushi, kuma sau da yawa ita ce. Na san masu kallo da yawa da suka ƙi jininta saboda haka, na kuma san masu cewa ita ce ran fim ɗin tunda da bakinta ake ba da labarin. Ni Nairobi ce ta fi shiga raina, mace mai aiki da ta san darajar ma'aikaci, ko da wanda aka tilasta ne.

Akwai kuma wani abu da ban yafe wa fim ɗin ba. Berlin yana cin zarafin wata daga cikin matan da aka yi garkuwa da su, yana amfani da tsoronta, amma an lulluɓe shi da kwarjini da iya magana har masu kallo suka so shi, aka zo aka yi masa fim nasa na daban a 2023. Pedro Alonso da ya fito a Berlin ya iya wasa, ba musu. Sai dai iya wasansa ne ya sa aka manta da abin da mutumin ya aikata, kuma fim ɗin bai damu ya tuna maka ba. Haka yake yi da batun fashin gaba ɗaya. Farfesa yana da hujjarsa, cewa Babban Bankin Turai ma ya ƙirƙiri kuɗi ya miƙa wa bankuna ba wanda ya kira shi ɓarawo, sai a ɗora waƙar Bella Ciao ta 'yan gwagwarmayar Italiya a kai, jama'a a titi suna musu kirari. Kana kallo kana jin kai ma ɗan tawaye ne. In ka kashe talabijin ka yi tunani, kuɗin dai aljihunsu za su shiga.

Squid Game ba ya ba ka wannan daɗin ko kaɗan. Hwang Dong-hyuk ne ya rubuta shi ya kuma ba da umarni, ya fito ranar 17 ga Satumban 2021. Ya rubuta labarin tun wajen 2009, lokacin da shi kansa yake fama da rashin kuɗi, kamfanoni suka yi ta ƙin karɓa har kusan shekara goma. Mutum 456 da bashi ya yi wa katutu aka kai wani tsibiri su yi wasannin yara guda shida. Wanda ya faɗi, harbe shi ake yi, kuma kowane rai da ya fita ana ƙara won (kuɗin Koriya ta Kudu) miliyan 100 a cikin wani ƙaton asusu na gilashi da ke rataye a saman gadajensu, har ya kai won biliyan 45.6. Suna kwance suna kallon kuɗin mutuwar 'yan'uwansu yana taruwa a kansu.

Yawanci wasan farko ake magana a kai, na ƙatuwar 'yar tsana mai juyo da kai. Ni kashi na 2 na zangon farko ne ya kama ni, kuma dole in ɗan buɗe maka shi, domin in ba shi ba za ka ɗauka fim ɗin jini ne kawai. Bayan kisan farko, waɗanda suka tsira suka kaɗa ƙuri'a, da rinjayen mutum ɗaya aka amince a tsaya, aka mayar da kowa gida. Sai fim ɗin ya bi su gidan. Seong Gi-hun, jarumin fim ɗin, ya tarar da mahaifiyarsa da ciwon sukari ya ci ƙafarta, ba kuɗin asibiti, 'yarsa kuma za a tafi da ita Amurka. Sang-woo, wanda unguwa ke alfahari da shi don ya yi Jami'ar Seoul, 'yan sanda na nemansa kan kuɗin mutane da ya narkar. Sae-byeok ta gudo daga Koriya ta Arewa, ƙaninta yana gidan marayu. Ali, ɗan Pakistan mai aikin ƙarfi, maigidansa ya riƙe masa albashin watanni. Ba a harbi kowa a wajen ba, amma sunan wannan kashin Jahannama. Da aka sake miƙo musu katin gayyata, mafi yawansu da ƙafarsu suka koma, sun san sarai abin da ke jiran su. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, shi ya sa mutumin da bai san ko kalma ɗaya ta Koriyanci ba zai kalli wannan kashin ya ga fuskar wani da ya sani.

Gi-hun ba Farfesa ba ne. Ba shi da shiri, ba shi da wayo na a-zo-a-gani, farkon ganinka da shi ma katin bankin mahaifiyarsa ya ɗauke ya tafi cacar tseren dawakai. Sai can ciki ake nuna maka cewa ma'aikacin kamfanin mota ne da aka sallama, ya ga an kashe abokin aikinsa a yajin aiki. Marubucin ya ɗauko wannan ne daga yajin aikin kamfanin Ssangyong na 2009. Lee Jung-jae ya samu kyautar Emmy ta shirye-shiryen talabijin a 2022 da wannan rawar, kuma ya cancanta, don fuskarsa tana tsufa a gabanka daga kashi zuwa kashi.

To ga inda na fi ganin bambancinsu. A Money Heist tambayar da ke riƙe ka ita ce, ya za su fita? A Squid Game ka riga ka san ba kowa zai fita ba, tambayar ita ce me mutum zai zama kafin ya fita. Na farko yana nuna maka baƙi da suka zama dangi. Na biyu yana ƙulla amana tsakanin mutane a hankali, ya bar ka ka saki jiki, sannan ya kawo doka da za ta sa amanar ta zama wuƙa. Kashi na 6 ke nan, inda aka ce kowa ya zaɓi abokin wasa kafin a faɗi dokar wasan. Ba zan ƙara ko kalma a kansa ba. Na kalle shi sau biyu, na biyun ya fi ciwo.

Squid Game ma yana da nasa aibun. Attajiran nan 'yan kallo masu fuskokin dabbobi na zinariya da suka bayyana a kashi na 7, maganganunsu ba gishiri, wasansu kuma a sandare. Labarin ɗan sandan da ya kutsa tsibirin yana neman yayansa ya ci lokaci fiye da abin da ya bayar.

Batun tsawo zai taimaka maka wajen yanke shawara. Su biyun an rubuta su ne a matsayin labarin da ya ƙare, nasara ce ta sa aka sake buɗe su. Money Heist ya riga ya kammala a Sifaniya da kashi 15, masu kallonsa a can ma sun fara raguwa, sai Netflix ta saya ta yayyanka shi zuwa 22, duniya ta rungume shi, ya ci Emmy ta ƙasa da ƙasa a 2018. Daga nan aka ƙaro fashi na biyu, na zinariyar Babban Bankin Sifaniya, daga 2019 zuwa Disamban 2021, jimilla kashi 48 a Netflix. An zuba kuɗi, hoto ya yi kyau, Sufeto Alicia Sierra ta zo da zafi, amma wayo ya ragu, harsashi ya ƙaru, zangon ƙarshe ya koma kamar fim ɗin yaƙi. Squid Game kuwa kashi 9 ne a zangon farko, 7 a na biyu da ya fito Disamban 2024, 6 a na uku a Yunin 2025. Duka 22 ke nan, daidai da fashin farko na Money Heist. Zango na biyu ya zo da tunani ɗaya mai kyau ƙwarai: ana kaɗa ƙuri'a bayan kowane wasa, in an tsaya a raba abin da ya taru, sai ka ga mutane suna lissafin cewa kasonsu bai kai bashinsu ba, a ƙara wasa ɗaya. An manna wa kowa alamar ƙuri'arsa a ƙirji, ɗaki ya rabu biyu. Amma an yanke zangon a tsakiyar labari, ƙarshen na uku kuma ya raba kan masu kallo. Ni ban ƙi shi ba, sai dai bai ƙara mini abin da zangon farko bai riga ya faɗa ba.

Game da iyali, amsar a'a ce ga dukkansu. Money Heist yana da tsiraici da zagi da yawa. Squid Game yana da jini a fili, harbi a ka, har da fiɗar gawa don cire sassan jiki, da wurin batsa a kashi na 4 na zangon farko. Launukansa masu haske da wasannin yara kada su ruɗe ka ka bar yaro ya zauna.

Ka kuma kalle su da harshensu na asali, kana karanta fassara a ƙasan allo. Muryoyin Turanci da aka ɗora suna kashe abubuwa. Misali, Ali yana kiran Sang-woo da kalmar da ke nufin maigida, har ranar da Sang-woo ya ce masa ya riƙa kiransa hyung, wato yaya. Ka riƙe wannan kalmar a kunnenka har kashi na 6. Park Hae-soo da ya fito a Sang-woo, shi ne kuma ya fito a Berlin lokacin da Koriya ta yi nata Money Heist ɗin a 2022, kuma in ka ga idonsa a Squid Game za ka gane dalilin da aka zaɓe shi.

Da hutun 'yan kwanaki, ka fara da zangon farko na Squid Game, kashi uku-uku a dare uku, ya ishe ka cikakken labari. In lokaci ya rage, ka ɗauki kashi 22 na farko na Money Heist ka tsaya inda fashin gidan buga kuɗi ya ƙare. Amma in a 'yan kwanakin nan kai ma bashi ne ke hana ka barci, ko ba ka daɗe da yin rashi ba, to ka juya tsarin, ka fara da Farfesa, ka ajiye Squid Game sai ranka ya kwanta.