Farfela mai 11 ko mai 13: wacce ta dace da jirgin kaya?

Ɗan'uwa, ka ce jirginka na katako ne, injinsa Yamaha Enduro 40, kana ɗauko kabewa da fasinja daga Boubon zuwa Yamai, kuma mai shago ya ajiye maka farfela biyu: 11 1/8 x 13 da 11 5/8 x 11. Ni dai ta biyun zan ɗauka.

Lambar farko faɗin farfelar ce da inci, kuma nan tazararsu kaɗan ce. Lamba ta biyun ita ce takunta, wato nisan da take ci gaba a juyi ɗaya in ruwa bai zame mata ba. Mai 13 tana cin kamar santimita 33, mai 11 kuwa 28.

Mai 13 ta gudu ce. Jirgi ba kaya, mutum uku ko huɗu, ana bin ruwa, sai dai ka ga ƙurarsa. Amma ka loda kabewa har bakin jirgi ya kusa shan ruwa, za ka ji inji yana gurnani, ka murɗa hannu har ƙarshe amma muryarsa ta ƙi tashi. Hayaƙi ya ƙaru, fulogi ya yi baƙi, mai ya tafi a banza. Kamar babbar mota ce da aka sa wa giyar gudu a kan hawa. Wannan wahalar ce ke cinye inji a hankali, mai shi bai sani ba.

Mai 11 tana barin inji ya saki jiki. Tana ɗaga kaya da wuri, tana jin magana wajen tsayawa a gaɓa, kuma lokacin da ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gini ya cika kogi a Janairu, komawa sama ba ta ba ta wuya. Illarta ita ce ranar da jirgi yake wayam: juyin inji zai iya wuce ƙa'ida, dole ka sassauta hannu.

Kada ka tsaya ga kunne kawai. Injin nan an yi shi ne ya juya tsakanin 4,500 da 5,500 a minti in an buɗe masa duka. Nemi bakanike mai agogon awon juyi, ku gwada da irin lodin da ka saba. Rage inci ɗaya na taku yana ƙara juyi wajen 150 zuwa 200.

Batun ƙarfe kuma, ɗauki ta alminiyam. A Mayu da Yuni ruwa yana janyewa, duwatsu da tudun yashi suna fitowa. In ta bugi dutse kunnenta ne zai lanƙwashe, ita kuwa ta farin ƙarfe tana iya miƙa dukan ga sandar giya, gyaran ya ninka.

Ka tafi shago da tsohuwar a hannu, ku gwada ramin tsakiya, don wasu Enduro 40 haƙora gare su, wasu kuma fil ake zura musu.