Berp: 'yar robar da ke tona asirin leɓe a sautukan feda

Duk mai busa turampet, a badujalar 'yan sanda yake ko a ƙungiyar Boys' Brigade ta coci, ya san inda kayan nan ke tsayawa: sautin F# na ƙasa, bawul uku (maɓallan da ake dannawa da yatsu) duka a danne. Sautukan da ke ƙasa da wannan F# su ake kira sautukan feda. Tsakaninsa da C na feda akwai sautuka biyar, F, E, Eb, D da Db, waɗanda bututun ba ya ba ka hannu a kansu ko kaɗan. Leɓe ne ke ƙera su. A wannan tazarar ce Berp ke nuna amfaninta.

Mario Guarneri ne ya ƙirƙiro ta, ɗalibin James Stamp, malamin turampet ɗan Amurka da ya ɗora koyarwarsa kan zizar leɓe (hura iska ta tsakanin leɓe har su girgiza su ba da sauti) da sautukan feda. 'Yar baƙar roba ce da ake ɗaurewa da sukuru a gefen ramin da bakin busa, wato ɗan ƙoƙon da ake ɗora leɓe a kai, ke shiga. Sai ka zare bakin busar ka cusa shi cikinta. Hannunka na kan bawul yadda ka saba, nauyin kayan na nan, amma iskar ba ta bi ta bututu, tana fita ne ta wasu 'yan huji a jikin robar. Akwai zobe da ake murzawa a rufe hujin ko a buɗe, shi ke daidaita yadda iska ke turjiya.

Zoben nan shi ne abin da ya fi kyau a cikinta, kuma shi mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta. Sabon shiga yakan wangale hujin duka, leɓe ya rasa abin jingina, sai ya matse maƙogwaro don ya samu sauti. Fara da hujin kusan a rufe, har ka ji turjiyar ta yi daidai da ta turampet ɗinka. Buɗewa sai bayan makonni, kaɗan-kaɗan.

Ga yadda ta fi biyan buƙata. Ka kaɗa Eb a fiyano, wanda shi ne F a turampet na Bb. Danna bawul na 1, ka yi zizar F na tsakiya, ka zame a hankali zuwa F na feda ba tare da sautin ya yanke ba, ka riƙe shi bugu huɗu, ka hau ka koma inda ka fito. Sannan E da 1 da 2, Eb da 2 da 3, D da 1 da 3, Db da ukun duka. Haɓa ta ɗan sauka ta ɗan turo gaba, cikin baki kamar mai cewa "oo", kusurwoyin baki a tsaye daram, iska mai ɗumi tana tafiya ba ƙaƙƙautawa. Kowane sauti ka gama a Berp, mayar da bakin busar cikin turampet ka maimaita nan take. Minti biyar ya isa, kuma ka huta daidai tsawon abin da ka busa.

Komowa saman nan ita ce jarrabawar. Da yawa suna samun feda mai kauri ta hanyar zazzago leɓen ƙasa waje, ko tura bakin busa sama, ko cika kumatu. A turampet wannan zambar takan wuce, domin sautin na da girma, yana daɗin ji. A Berp kuwa zizar sai ta tsinke a tsakiyar hawa, ko ta koma huci zalla. Idan sai ka cire baki ka sake ɗorawa kafin ka hau, to fedar da ka yi ba za ta ƙara maka komai a sama ba. Saboda irin wannan ɓarnar ne malamin busa Donald Reinhardt ya riƙa hana ɗalibansa feda, alhali Stamp da wani malamin, Claude Gordon, sun mai da ita abincin kullum.

Inda ta gaza shi ne C na feda, wajen girgiza 116 a daƙiƙa. A turampet, in ba a danna bawul ba, sautin na faɗuwa ƙasa da mazauninsa sosai, kuma kokawar ɗago shi ita ce darasin. Berp ba ta da wannan gardamar, C ɗin zai fito maka cikin sauƙi har ka ɗauka ka iya. Wannan sai a kan bututu: ka fara da bawul uku, ka riƙa ragewa har ka kai babu ko ɗaya. Aikin watanni ne.

Akwai ƙananan abubuwan haushi. Yawu na ɗiga ta hujin, sai da tsumma a cinya. Bakin busa na zama ɗan gefe, ba daidai tsakiya ba. Sukurun kuma in ka ɗaure shi da ƙarfin tsiya robar za ta ji jiki.

Wanda kuɗinsa bai kai ba, ya riƙe bakin busa da yatsu biyu ya toshe rabin ƙarshensa da ɗan ƙaramin yatsa, zai samu turjiyar. Abin da zai rasa shi ne haɗa yatsu da kunne da leɓe a lokaci guda, kuma ga mai koyon sautuka biyar ɗin nan, wannan kaɗai ya isa dalilin saye.