Daga Maraɗi zuwa Jidda: Kano za a tashi ko Yamai?

Mai niyyar Umra daga Maraɗi yakan tsaya tsakanin filin jirgin Diori Hamani na Yamai da na Malam Aminu Kano. Kafin a biya kuɗin tikiti, a fara lissafi daga ƙofar gida, domin awannin da ake rubutawa a tikiti na cikin sama ne kawai.

Daga Kano zuwa Jidda kusan kilomita 3,400 ne a miƙe, daga Yamai kuwa kusan 4,000. Jirgin da bai yada zango ba yana cin wajen kilomita 800 a awa, wato awa huɗu da rabi zuwa biyar daga Kano, biyar da wani abu daga Yamai. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 jirage ke kauce wa samaniyarta, don haka a ƙara lokaci a kan wannan. Bambancin dai bai kai awa guda ba.

A ƙasa ne ake shan wuya. Yamai tana yamma, kilomita 660 ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Dosso, bas yakan kwashe awa goma, sannan jirgi ya sake juyowa da mutum gabas inda ya fito. Kano kuwa ba ta kai kilomita 300 ba ta Ɗan Isa, Jibiya da Katsina. Sai dai akwai iyaka: 'yan duwan, kwastan, shingayen bincike, a sauke jaka a buɗe a sake ɗaurewa. Tafiyar awa huɗu takan koma shida. Kuma kowa ya tuna yadda aka rufe iyakar nan daga Agustan 2023 har Maris ɗin 2024.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne zango. Tikitin da ya fi araha sau da yawa ta Adis Ababa, Alƙahira ko Istanbul yake bi, ana iya zaman jira na awa takwas a kan kujera. Ga dattijo ko mai ciwon ƙafa, wannan arahar ba ta da riba. A tambayi mai sayar da tikiti awa nawa ne zangon, kuma ko kaya za su wuce kai tsaye.

Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu: jirgin da ya tashi ƙarfe goma na dare ya yi awa biyar, biyar na asuba zai sauka.

In fasfo da katin rigakafin zazzaɓin shawara suna hannu, iyaka kuma a buɗe, Kano ta fi sauƙi. A kwana a can tun jajibiri, a isa filin jirgi awa uku kafin tashi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan jinkirta jirage a duka garuruwan biyu, sai a zaɓi tikitin da ake iya sauya masa rana.