Wata uku ina koyon rini a wata ƙaramar marina a Kano

Kafin in fara zuwa wannan marina, aikina bayan La'asar shi ne zama a majalisa muna kushe mutane: wane ya gina gida da kuɗin da ba a san asalinsu ba, telan unguwa bai iya yanka ba, liman yana jan karatu. Idan na koma gida sai in ɗora daga inda na tsaya a Facebook. Wata rana uwargida ta tambaye ni cikin ladabi ko akwai abu guda da na iya yi da hannuna, kuma na rasa amsar da zan ba ta.

Marinar tana cikin birni, kuma ba ta kai ko kusa da girman ta Ƙofar Mata ba, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta, amma hanyar aikin ɗaya ce. Ana haɗa baba da toka da kanwa a karofi, wato ramin rini, a bar su su jiƙu har ruwan ya nuna, sannan a fara tsoma tufa. Abin da ya fara kama zuciyata shi ne ganin yadi yana fitowa kore-kore daga karofi, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idona. Gwargwadon yawan tsomawa da shanyawa, gwargwadon duhun launin.

Mai koyarwar dattijo ne marar yawan magana, kuma a nan darajar wurin take. Yadina na farko ɗaurin zaren da na yi masa don fitar da zane ya kwance a cikin ruwa, ya fito dabbare-dabbare, har wani yaro ya tuntsire da dariya. Dattijon bai kushe aikin ba, zare kawai ya ɗauka ya ce, "Malam, matso ka ga yadda ake matse shi." A lokacin telan nan da na shekara ina yi wa ba'a ya faɗo mini a rai, domin ni ma ga shi na ɓata yadi biyu cikin yini guda. Tun daga ranar, da na buɗe baki zan soki aikin wani sai in tuna da yadin.

Wurin yana da nasa aibin. Rumfar ba ta isa ba, don haka wanda ya zo bayan hantsi zai sha rana, kuma ranar Asabar ɗalibai kan yi yawa har a jira layi a bakin karofi. Dattijon ba ya bayyana dalilin abu sai an tambaye shi sau biyu ko uku. Ba a koyar da bugu, wato dukan tufa da ke ba ta sheƙi irin na turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa, sai dai mutum ya kai wa mabuga ya biya daban.

Wanda zai je ya tafi da tsofaffin kaya da safar hannu ta roba, kuma ya sayi yadin auduga zalla, domin yadin roba ba ya shan baba. Ni ban saurari shawarar safar ba, shi ya sa 'yan majalisa suka mai da faratana abin hira, ko da yake sau ɗaya kawai suke ganina a mako yanzu.